Yadda Ake Kawar Da Warin Da Ya Ƙi Barin Firji

Yawancin masu firji sun san wannan matsalar. An kwashe abincin da ya lalace an zubar, an wanke cikin firjin tas, amma bayan kwana biyu da an buɗe ƙofa sai warin ya sake bugo hanci. Ruwan sha ya ɗauki wari, ƙanƙara ta ɗauka, hatta zoɓon da aka saka jiya ya canza ɗanɗano. Wasu sukan yanka lemon tsami su ajiye, wasu su fesa turaren ɗaki, wasu ma har su fara tunanin rabuwa da firjin.

Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Idan wari ya dawo bayan wanki, to tushensa yana nan ba a taɓa shi ba, kuma galibi yana ɓoye ne a wuraren da soso ba ya kaiwa. Abin bai tsaya ga damun hanci ba. Ga mai sayar da zoɓo, kunun aya ko ƙanƙara, firji mai wari yana korar masu saye. Ga mutanen gida kuwa, warin yakan zama alamar cewa firjin ba ya riƙe sanyi yadda ya kamata, kuma abincin da ke cikinsa yana iya jawo ciwon ciki.

Me ke haddasa warin?

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu saurin hayayyafa kawai yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ajiye abinci mai saurin lalacewa a ƙasa da digiri 5, domin tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne ƙwayoyin suka fi saurin yaɗuwa. Yayin da suke cin nama, kifi, madara ko miya, suna fitar da iska mai wari. Firji kuma rufaffen akwati ne, iskar ba ta da hanyar fita, sai ta yi ta kewayawa a ciki.

A Najeriya da Nijar babban abin da ke tayar da wannan matsala shi ne ɗauke wuta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa firjin da ba a buɗe ƙofarsa ba yana riƙe sanyi na kimanin awa 4 bayan an ɗauke wuta. Firizar da ta cika maƙil tana kai awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. A lokacin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, bai kamata a dogara da cewa za a kai ƙarshen waɗannan awanni ba.

Abin da yakan faru shi ne, wuta ta daɗe ba ta dawo ba, nama ya saki, jininsa ya zuba ya gangara cikin lunguna. Da wuta ta dawo sai komai ya sake daskarewa, mai firji ya buɗe ya ga nama da ƙanƙara, ya ɗauka lafiya lau. Jinin da ya gangara kuwa yana can ƙasa yana ruɓewa. Shi ya sa matsalar ta fi yawa bayan Babbar Sallah, lokacin da ake cusa wa firji nama fiye da ƙarfinsa.

Wani dalilin da ke sa warin ya daɗe shi ne, bangon cikin firji na roba ne, roba kuma tana shan wari. Haka ma kitse da maiƙo. Duk wanda ya taɓa zuba kalanzir a jarka sannan ya so mayar da ita ta ruwan sha ya san yadda roba ke riƙe abu.

Hanci ne kayan aiki na farko

Kafin a ɗauki soso, a tsaya a tantance irin warin, domin kowane iri yana nuna inda za a duba.

- Ƙarni: na kifi ne ko jinin nama. A duba ƙasan firiza, ramin ruwa da tiren baya.
- Tsami: madara, nono, fura ko miya ce ta zube. A duba gefen kantoci, ƙarƙashin aljihun kayan miya da lungunan ƙofa.
- Ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai: ƙwai ne ya fashe, ko nama ya ruɓe sosai, ko kuma kabeji da albasa sun narke a leda.
- Warin fumfuna, irin na jiƙaƙƙen tsumma: danshi ne ya zauna. A duba robar ƙofa, musamman idan firjin ya daɗe a kashe kuma a rufe.
- Warin da ya fi ƙarfi a bayan firji fiye da cikinsa: tiren baya ne, ko ɓera ko tsaka ta mutu kusa da inji.
- Ƙauri, irin na ƙonewar waya ko roba: wannan ba aikin wanki ba ne. A cire filogi nan take a kira mai gyara.

Wurare huɗu da wari ke ɓuya

1. Ramin ruwa. Firji yana tara raɓa, kuma ruwan ƙanƙarar da ta narke yana buƙatar hanyar fita. Don haka aka yi masa ɗan ƙaramin rami. A firji da yawa yana nan a ƙasan bangon baya na ciki, sama kaɗan da aljihun kayan miya. A firjin da ke narkar da ƙanƙararsa da kansa, ramin yakan kasance a bayan murfin da ke cikin firiza. Ɓurɓushin abinci da jini suna shiga ramin su zama yauƙi, su toshe shi. Alamar toshewa ita ce ruwa ya riƙa kwanciya a ƙarƙashin aljihun kayan miya.

2. Tiren baya. Ruwan da ya bi ramin yana sauka ta bututu zuwa wani tiren roba da ke bayan firji daga ƙasa, sau da yawa a kan baƙin injin nan mai kama da tukunya, wanda masu gyara ke kira kwampireso. An ɗora shi a nan ne domin zafin injin ya busar da ruwan. Idan tsabtataccen ruwa ne, babu matsala. Amma idan jinin nama ne ko ruwan kifi, to duk lokacin da injin ya tashi sai ya ɗumama shi, warin ya cika ɗaki. Mutane da yawa sun yi shekaru da firji ba su san da wannan tiren ba, alhali shi ne ya fi kowane wuri riƙe wari.

3. Robar ƙofa. Tana da ninki, kuma a cikin ninkin ne miya, sukari da danshi ke taruwa har baƙar fumfuna ta fito. Idan robar ta saki kuma, iska mai zafi tana shiga, sanyi ya ragu, abinci ya riƙa lalacewa da wuri.

4. Bayan murfin firiza. A firjin da ke da fanka a ciki, fankar ce ke tura sanyi daga firiza zuwa sauran sassa. Idan wari ya kama wannan wuri, fankar za ta rarraba shi ko'ina. Wannan ne dalilin da ya sa kifi yana sama amma ruwan da ke ƙofar ƙasa ya yi ƙarni.

Kayan da za a tanada

Sabulun wanke-wanke na ruwa, soso mai laushi, tsumma mai tsabta guda biyu, tsohon buroshin goge baki, babban sirinji marar allura, ruwan ɗumi, ruwan khal fari, bekin soda, bilic irin su Hypo ko Jik, da kula da za a adana abinci na ɗan lokaci. A lura, bekin soda daban take da bakar hodar da ake zubawa a cincin da kek. Ta wankin firji ita ce wadda aka rubuta bikabonet a jikin kwalinta.

Yadda za a yi aikin

Mataki na 1: A cire filogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, tunda za a yi aiki da ruwa kusa da wayoyi.

Mataki na 2: A kwashe komai. Nama, kifi, madara, dafaffen ƙwai da ragowar abincin da suka wuce awa 2 cikin ɗumi bayan sanyinsu ya tafi, a zubar da su. Kada a ɗanɗana don a gwada. Wasu ƙwayoyin cutar, kamar listeriya, ba sa canza wa abinci wari ko ɗanɗano, suna iya hayayyafa ko a cikin sanyi, kuma suna da haɗari ƙwarai ga masu juna biyu, jarirai da tsofaffi. A zubar da tsohuwar ƙanƙara ita ma, domin ta riga ta sha warin.

Mataki na 3: A bar ƙanƙarar jikin firiza ta narke da kanta. Za a iya ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki don ta yi sauri.

Mataki na 4: A ciro kantoci da aljihuna a wanke su a waje da sabulu. Kantar gilashi a bar ta ta huce tukuna, domin idan ruwan zafi ya taɓa gilashi mai sanyi yana iya tsagewa. Bayan wanki a shanya su a rana su bushe sarai.

Mataki na 5: A narkar da bekin soda cokali 2 na cin abinci a ruwan ɗumi lita 1, a goge bango, rufi, ƙasa da hanyoyin da kantoci ke zama. A bi lunguna da buroshi. Sannan a ɗauraye da tsumma da ruwa zalla.

Mataki na 6: A buɗe ninkin robar ƙofa da yatsa, a cuɗa cikinsa da buroshi da ruwan sabulu tun daga sama har ƙasa. Ɓangaren ƙasa ne ya fi datti, kuma shi aka fi mantawa.

Mataki na 7: A cire dattin bakin ramin ruwa, sannan a zuƙi ruwan ɗumi da sirinji a tura ciki a hankali, sau uku ko huɗu, har ruwan ya riƙa wucewa ba tare da tsayawa ba. Kada a zura ƙarfe mai tsini.

Mataki na 8: A jawo firjin daga bango, a jira injin ya huce, a duba tiren baya. Idan mai cirewa ne, a zare shi a wanke da sabulu. Idan a manne yake, kada a tilasta shi, domin bututun da ke kusa da shi sirara ne. A tsane ruwan da soso, a zuba ruwan sabulu kaɗan a goge, a sake tsanewa har ya fita fes. A share ƙurar da ke wurin kafin a mayar da firjin.

Mataki na 9: Idan nama ne ya ruɓe ko fumfuna ta fito, a kashe ƙwayoyin cutar. A zuba bilic cokali 1 na cin abinci a ruwa lita 4, a shafe cikin firjin da robar ƙofa, a bari na 'yan mintuna, sannan a ɗauraye. A yi wannan taga a buɗe.

Mataki na 10: A tsane ko'ina, a bar ƙofar a buɗe. Idan warin ƙarami ne, awa ɗaya ko biyu sun isa. Idan mai tsanani ne, a bar ta yini guda ko biyu, a kunna fanka tana hura ciki. Roba a hankali take sakin warin da ta sha, saboda haka gaggawar rufe ƙofa tana mayar da aiki baya.

Abubuwan da ke tsotse ragowar wari

Waɗannan suna aiki ne bayan wanki. Wanda ya saka su ba tare da ya wanke tire da rami ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Ruwan khal ko lemon tsami sun fi dacewa da ƙarni. Sinadarin da ke sa kifi ƙarni, wato tirimetilamin, yana haɗuwa da abu mai tsami ya zama wani gishiri da ba ya tashi cikin iska. Dalili ke nan da ya sa masu girki ke wanke kifi da lemon tsami. A haɗa khal da ruwa daidai wa daida a goge cikin firjin.

Bekin soda ta fi ƙarfi a kan warin tsami, irin na madara da nono. A baza ta a faffaɗan faranti, domin yawan fuskar da ta taɓa iska shi ne yawan aikinta. Barin ta a cikin kwali da ɗan rami a sama ba ya yin wani tasiri sosai.

Gawayi yana da ƙananan ramuka masu ɗimbin yawa da wari ke maƙalewa a ciki. Wanda aka sarrafa na musamman, da ake samu a kantin magani da wurin masu sayar da kayan kiwon kifin ado, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba: giram ɗaya nasa yana da faɗin fuskar da ya haura murabba'in mita 500. Gawayin girki ma yana taimakawa idan an farfasa shi an zuba a kwano, muddin kalanzir bai taɓa shi ba.

Garin gahawa busasshe da tsofaffin jaridu su ma suna shan wari. Idan firjin ba kowa a ciki, a dunƙule jaridu a cika shi, a rufe na wasu kwanaki, sannan a kwashe a goge da ruwan khal.

Kurakuran da ke jawo asara

- Haɗa bilic da khal ko lemon tsami. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba da ke ƙona ido da huhu. Kowanne a yi amfani da shi shi kaɗai, a ɗauraye kafin a kawo ɗayan.
- Haɗa khal da bekin soda a kwano ɗaya. Kumfar tana burgewa a bidiyon TikTok, amma kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa ne.
- Sassaƙe ƙanƙara da wuƙa. Bututun gas yana jikin bangon firiza. Huda ɗaya ta isa ta zubar da gas ɗin, kuma yawancin sababbin firji suna amfani da R600a ne, wanda ke kamawa da wuta.
- Fesa turare, maganin sauro ko saka kafur. Turare rufe wari yake yi na ɗan lokaci, sannan ya shiga abinci. Maganin sauro da kafur kuwa guba ne.
- Sosan ƙarfe da tafasasshen ruwa. Sosan yana karce roba ya samar wa datti sabon mazauni, tafasasshen ruwa kuma yana lanƙwasa ta.

Inda wayar hannu za ta taimaka

Ba sai an juya firji gaba ɗaya ba kafin a ga tiren baya. A kunna fitilar waya da bidiyo, a zura hannu ta baya a ɗauka, sannan a kalla. A jikin firjin akwai takardar da ke ɗauke da lambar samfurinsa da irin gas ɗinsa. A ɗauki hotonta, a rubuta lambar a Google tare da sunan kamfanin, ko Haier Thermocool ne, ko Hisense, ko Scanfrost, ko LG, domin a nemo littafin bayaninsa a ga ainihin inda rami da tire suke.

Wasu manyan firji na LG da Samsung suna da matacin wari a ciki, wanda shi ma yakan cika ya daina aiki. LG na ba da shawarar canza matacin iskarsa duk bayan kimanin wata 6. Masu firjin da ke haɗuwa da intanet suna iya duba saitin sanyi ta manhajar LG ThinQ ko SmartThings. Wanda nasa ba irin wannan ba ne, ƙaramin ma'aunin zafi na firji ya wadatar. Ana so sashen firji ya kasance digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Lambobin da ke jikin maɓallin juyawa, 1 zuwa 5 ko 1 zuwa 7, ba digiri ba ne. A yawancin firji, babbar lamba ita ce sanyi mafi ƙarfi.

Yaushe za a kira mai gyara?

A kira shi idan ruwa ya ƙi wucewa ta ramin bayan an tura da sirinji, ko warin yana fitowa daga bayan murfin firiza, ko kuma ma'auni ya nuna firjin ya kasa sauka ƙasa da digiri 5 alhali wuta ta daɗe. Haka nan idan robar ƙofa ta mutu. Gwajinta mai sauƙi ne: a saka takarda a rufe ƙofa a kanta, a ja. Idan ta zare ba tare da wata turjiya ba, robar ba ta kamawa a wannan wurin. A gwada kowane gefe.

Akwai kuma halin da wanki ba ya magani. Tsakanin bangon ciki da na waje akwai kumfar da ke tsare sanyi. Idan bangon ciki ya tsage, ruwan ruɓaɓɓen nama ya shiga kumfar, warin yana iya zama na dindindin. Saboda haka mai sayen firji na hannu ya buɗe ya shinshina tun kafin a kunna, ya kuma haska lungunan ƙasa ya duba tsaga, domin sanyi yana danne wari.

Yadda za a hana shi dawowa

- Ɗanyen nama da kifi a saka su a roba mai murfi, a ajiye a can ƙasa, yadda ko sun saki ruwansu ba zai zuba kan komai ba. Leda kaɗai tana yoyo.
- Daddawa, bandar kifi, yankakkiyar albasa da tafarnuwa a rufe su ruf, a nisanta su da man shanu, madara da ruwan leda.
- Ragowar abinci kada ya wuce kwana 3 zuwa 4. A manna takarda a rubuta ranar da aka saka.
- Idan an ɗauke wuta a rage buɗe ƙofa. Daskararrun gorunan ruwa a firiza suna tsawaita sanyi.
- Kada a cusa kaya har su toshe ramukan da iska mai sanyi ke fitowa.
- Idan za a yi tafiya a kashe firji, a kwashe komai, a goge, a tokare ƙofar ta zauna a ɗan buɗe. A tabbatar yara ba za su iya shiga ba, musamman firiza mai murfin sama.

Abu na ƙarshe shi ne a saka tunatarwa a kalandar waya: goge ciki da robar ƙofa sau ɗaya a wata, duba rami da tiren baya duk wata uku, da kuma duk lokacin da wuta ta yi doguwar tafiya har nama ya saki. Aikin ba ya wuce minti 20 idan ana yin sa a kan kari, kuma ya fi arha a kan zubar da naman wata guda ko sayen sabon firji.